Babban Yatsan Mai Wanki

Rigunansu ne suka fara jawo mana masifar, kuma wannan maganar a gabansu na faɗe ta, ba a bayan idonsu ba.

Ranar Asabar ce da hantsi. Ina tsakar gida, hannuwana cikin baho, zannuwan gado goma sha biyu na jirana, sai na ji hayaniya a layinmu. Layin namu kuwa in mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya karkace. Na leƙa. 'Yan mata ne shida reras, kowacce da riga rawaya iri ɗaya, an yi rubutu a ƙirji, a baya kuma an zana mace da ciki tulele ta dafe ƙugu. Ni ban yi makaranta ba, ko baƙi ɗaya ban sani ba, amma wannan zanen ko akuya ta gani ta karanta shi. Gida-gida suke bi suna ɗaga murya.

"Don Allah ina ne gidan Iya mai wanki? Jikarta muke nema."

Mai shagon bakin layi, wanda ko gobara ba ta raba shi da kujerarsa, ranar nan da ƙafarsa ya rako su. Mai kitso ta saki kan da take yi ta fito da mataji a hannu. Kafin su yi sallama a ƙofata, duk wata taga ta layin ta samu fuska.

Jikar tawa ita ce Takwara. Sunana aka sa mata, shi ya sa nake kiranta haka. Uwarta 'yata ce, ta rasu ta bar min ita tana rarrafe. Shekararta goma sha bakwai, tana ajin ƙarshe na sakandare, saura wata biyu su zana jarrabawar fita. Cikin kuwa watansa biyar, wani ɗan ajinsu ne ya yi shi. Tun yana wata uku na sani, don mai wanki ba a ɓoye mata irin wannan. Na yi faɗa, na yi kuka, na yi kwana uku ban ce mata uffan ba. A na huɗu na ɗauko siket ɗin makarantarta na farke ɗinkin na ƙara masa faɗi. Muka tsayar da magana a kan ta daure ta zana jarrabawarta, abin da zai biyo baya ya biyo. Daga ni sai ma'aikaciyar asibitin da ke mata awo muka sani. Ita ma'aikaciyar ce ta tambaye ta ko tana son wasu ɗaliban jami'a, masu aikin sa kai, su riƙa taimaka mata. Takwara ta ce to, a zatonta can asibitin za su haɗu.

To, su ne waɗannan. Suka shigo da fara'arsu har kunne, da jaka cike da ƙwayoyin ƙarin jini da sabulu. Sabulu! A gidan mai wanki! Na tsamo zanen gado yana ɗiga na bi su da shi har bakin titi.

Amma aikin gama ya gama. Ranar Litinin Takwara ta dawo daga makaranta ta kwanta ta juya fuska bango. Ranar Laraba aka aiko ana nemana.

Ofishin shugaban makarantar akwai fanka mai ƙara, da kofunan gasa jere a kan kabad sun yi ƙura. Bai ce in zauna ba, ni kuwa na zauna.

"Iya, kin san halin da jikarki take ciki?"

"Na riga ka sani, Malam."

"To, gara ta je gida ta huta."

"Jarrabawar fa?"

"Wannan sai a gani." Ya duba agogo ya miƙe, wai yana da taro, akawu zai ƙarasa da ni.

Akawun wani siriri ne, da tabon biro a aljihun rigarsa irin wanda ɗan lemun tsami ke fitarwa. Ya turo min takarda, ya buɗe ɗan akwatin tawada.

"Takardar mece ce wannan, ɗana?"

"Ta hutu ce, Iya." Idonsa na ƙasa.

"In ta huta sai ta dawo?"

"Dangwala nan dai."

Shi da kansa ya kama babban yatsana ya danna a tawada, ya danna a takarda. Ya ba ni kwafi ɗaya. Na ninke, na je gida na sa a gwangwanin biskit inda nake ajiye hoton uwarta. Takwara ba ta tambaya ba, don a kwanakin ko ruwa sai na yi da gaske take sha.

Kwana goma sha biyu bayan nan ƙawarta ta biyo da yamma, ta ce an manna sunayen masu zana jarrabawa a allo, ta duba sau uku babu na Takwara. Sai a lokacin Takwara ta ce in kawo takardar nan. Ta tsaya a gindin igiyar shanya ta karanta min, muryarta ba hawa ba sauka.

"Ni, mai kula da wannan ɗaliba, na janye ta daga makaranta da jarrabawa bisa raɗin kaina. An karanta mini wannan takarda, na fahimta, na amince."

Ta ɗago kai. "Kaka, ke kika cire ni."

Ban san lokacin da na zauna a kan bokiti ba. Shekara goma sha biyu ina wanke dauɗar mutane don yarinyar nan ta zauna a aji, ashe da yatsa ɗaya zan goge komai.

Washegari na koma makarantar, mai gadi ya ce an ce kada ya bar ni in shiga. Na faɗa masa abin da na faɗa masa. Daga nan na wuce asibiti, na sa ma'aikaciyar nan ta kwatanta min inda masu rawayar riga suke taruwa. Mota biyu na hau. Wani ɗan ɗaki ne a bayan ɗakin karatu na jami'ar, da benci biyu da kwalaye har rufi. Na same su suna cin burodi, ƙafafu a kan benci, uku daga cikinsu da rigar nan a jiki.

"Wace ce babbarku?"

Wata doguwa ta miƙe, har kanta na neman taɓa ƙwan lantarki. Tun ranar Doguwa nake ce mata. "Ni ce, Iya. Sannu da zuwa."

"Riƙe sannunki. Ranar nan taimako kuka zo ko shela? Me ya hana ku haɗo da lasifika ku huta da tambaya?"

Na yi musu wankin babban bargo. Na faɗa musu yadda Mai kitso ta kai maganar famfo, famfo ya kai ta makaranta. Na faɗa musu yarinyar da suka zo ceta ta yi sati biyu tana kallon bango. Wata 'yar ƙarama a cikinsu ta ce, "Iya, ai dokar ƙungiya ce, ba a fita sai da riga, don a gane mu."

"An gane ku kuwa. An gane ku, an gane mu."

Na ɗauka za su yi ta kare kansu, irin na masu boko. Sai na ga Doguwa ta kama rigar nan da ta ɗora a kan kayanta, ta cire ta ta kai, ta ninke ta jefa a kwali.

"Laifinmu ne," in ji ta. "Ba mu yi tunani ba. Mun ga riga ta yi kyau a hoto, ba mu tuna da layin da za mu shiga ba. Ki yi haƙuri, Iya."

"Haƙuri ba a zana jarrabawa da shi. Sunan yarinyata nake so a mayar."

Na warware bakin zanena na ciro takardar. Wata mai tabarau da ke zaune a kusurwa ta miƙo hannu. Sauran duk karatun jinya da ungozoma suke yi, ita kaɗai ce mai karatun shari'a. Ta karanta sau biyu, bakinta na motsi.

"An karanta miki wannan kafin ki dangwala?"

"Da an karanta min kya gan ni a nan?"

Ta ce ai a dokar makarantun garin babu inda aka rubuta cewa ciki na hana zana jarrabawa, shi ya sa suka bi ta hannuna. Ta ce sunayen ba su tafi ofishin jarrabawa ba tukuna, saura sati biyu. Kuma akwai kwamitin sauraron koke a ofishin ilimi, ranar Alhamis ta sama zai zauna. Ita za ta rubuta koken yau ɗin nan. Doguwa kuma ta ce in na yarda za su riƙa zuwa suna duba Takwara, suna maimaita mata darasin da ya wuce ta.

Na daɗe ina kallonsu. Yara ne, wallahi, wasunsu ba su girme wa Takwara da shekara uku ba.

"Da sharaɗi," na ce. "Duk wadda za ta shigo gidana, ta shigo kamar kowa. Da ƙullin wanki a ka. Ɗaya-ɗaya, ba garke ba."

Haka aka yi. Da yamma sai ka ga budurwa ta shigo layi da ƙunshin kaya, ba mai ɗaga ido. A cikin ƙunshin kuwa littattafai ne da abin awon jini. Doguwa ce ke ɗaura wa Takwara abin a dantse, ta latsa mata ƙafa ta ga ko ta kumbura, ta hana ta gishiri, ta tsare ta sai ta haɗiye ƙwaya. 'Yar ƙaramar nan, ashe kanta na ja, ita ke koya mata lissafi a kan tabarma da guntun alli a jikin ƙofar banɗaki. Tun da ƙullin ya shigo dole ya fita da kamannin wanki, sai suka fara kawo kayansu na gaske, ni kuwa na sa su aiki. Ranar da na ce Doguwa ta kama min matsar zanen gado, na murɗa hagu ita ma ta murɗa hagu, na ja, ta tafi da baya ta zauna daɓas cikin ruwan ɗauraya. Takwara ta yi dariya har tana riƙe ciki. Rabon da in ji dariyarta an fi wata.

"Wannan ce za ta karɓi haihuwar mutane?" na ce. "Allah ya sa jariran ba su da santsi."

Mai kitso ta leƙo ta katanga. "Iya, kwanan nan kasuwa ta buɗe."

"Ta buɗe. Ke ma kawo bakinki in wanke miki, kyauta."

Ana jibi zaman kwamiti Mai Tabarau ta zo da nata ƙullin. Ta ɗaga takardar sama tana duba ta a hasken rana, ta juya ta, ta sake dubawa.

"Iya, ara min yatsanki."

Ta tsoma shi a shuɗin wanki ta danna a farar takarda. Ta sake, ta sake. Duk sau ukun dunƙulen tabo ne kawai, babu zane ko ɗaya. Shekara arba'in sabulu da soda suna cin yatsan nan, ya yi sumul kamar bayan cokali.

"Kin gani?" Idonta har ƙyalli yake. "Na jikin takardarsu ma haka yake. Wannan ba shaida ba ce, ko da gwiwar hannu aka danna haka zai fito. In suka tambaye ki, kada ki ce naki ne. Ki bar su su tabbatar, ba za su iya ba. Takarda ta mutu ke nan."

"Ƙarya ke nan fa," in ji Doguwa.

"Ban ce ta yi ƙarya ba. Cewa na yi ta yi shiru."

"Iya ce za ta yi shiru? Kin taɓa gani?"

Suka yi ta musu a kaina kamar ba na wurin. Ni dai ina ta guga. Ina jin idon Takwara a ƙeyata. Gaskiya ban tsayar da komai ba, don hanyar Mai Tabarau gajeriya ce, kuma su waɗancan ba su ji kunyar yi min ƙarya ba.

Ranar Alhamis muka je mu huɗu, ni da Takwara da Doguwa da Mai Tabarau. Ɗaki ne mai dogon tebur, mutum uku a can gefe, ta tsakiyar wata dattijuwa ce mai furfura da ɗan tari, ita ce shugabar kwamitin. Shugaban makaranta na zaune da fayil a cinya. Akawu na tsaye a bayansa, da wannan rigar dai mai tabon biro.

Shugaban ya fara, muryarsa sumul kamar an goge ta. Ya ce makaranta ba ta kori kowa ba, mai kula da yarinyar ce ta janye ta da kanta, ga shaida. Ya miƙa takarda. Mai Tabarau ta tashi ta roƙi kwamiti ya dubi tabon da kyau, ya ga ko akwai zanen yatsan ɗan Adam a ciki. Dattijuwar ta kai takardar kusa da ido, ta nuna wa na damanta, ta nuna wa na hagunta. Suka girgiza kai. Na ga shugaban makaranta ya gyara zama.

Sai dattijuwar ta juyo gare ni. "Iya, tambaya ɗaya zan yi miki. Wannan yatsanki ne, ko ba naki ba ne?"

Mai Tabarau ta take min ƙafa a ƙarƙashin tebur, da ƙarfi kuwa. Na dubi Takwara. Ta sunkuyar da kai, hannunta biyu a kan cikin.

"Nawa ne," na ce.

Mai Tabarau ta rufe ido.

"Nawa ne, ranki ya daɗe. In na ce ba nawa ba ne babu mai iya kama ni, ga shi ki duba, babu komai a jikinsa. Amma ni na dangwala. Abin da ya kawo ni shi ne an rubuta a nan wai an karanta min, na fahimta, na amince. Ba a karanta min ba. Na tambaya da bakina, aka ce ta hutu ce. An ga tsohuwa ba ta san baƙi ba, aka sa ta yanka 'yarta da hannunta. Wannan shi ne kokena."

"Wa ya shaida hakan?" in ji shugaban makaranta. "Maganarta ce kawai."

Ban ko kalle shi ba. Na juya kujerata na fuskanci akawu.

"Ɗana, kai ka riƙe min yatsan nan. Ni na faɗi tawa gaskiyar alhali ita ce za ta kayar da ni. Saura kai."

Ana jin wata na buga na'ura a ofishin da ke kusa. Akawu ya dubi takardar.

"Ban karanta mata ba," ya ce.

"Kai!" in ji shugaban.

"Na ce mata ta hutu ce. Haka aka ce in ce." Ya goge goshi da bayan hannu. "Uwata ma ba ta karatu, ranki ya daɗe."

Daga nan shugaban ya sauya waƙa. Ya ce shi sunan makaranta yake karewa, akwai 'yan mata ɗari uku a hannunsa, me za su koya in suka ga wannan a ɗakin jarrabawa.

"Shi wanda ya yi cikin fa, Malam?" na ce. "Sunansa na nan a allonka, an ce min ma shi ke riƙe ƙararrawa. Su 'yan matan naka me suke koya in suka gan shi? Ni ban ce a cire shi ba. Ya zana. Ita ma ta zana."

Dattijuwar ta yi tari, ta sha ruwa, sannan ta dubi Takwara. Duk zaman nan ita ce ta farko da ta yi wa yarinyar magana.

"Ke fa, 'yata? Kina so ki zana?"

"Ina so."

"Ɗaga murya, kunnena ya tsufa."

"Ina so, ranki ya daɗe. Lissafi ne kawai yake ba ni wuya, shi ma ana koya min."

Suka haɗa kai su uku suka yi ƙus-ƙus. Ba a daɗe ba dattijuwar ta ce takardar ba ta da amfani, a mayar da sunan kafin ranar Litinin, kuma ita da kanta za ta duba jerin kafin ya tafi. Shugaban ya tattara fayil ɗinsa, amma sai da ya jefo na ƙarshe. Wai kujerun ɗakin jarrabawa haɗe suke da teburansu, ba sa matsawa, nan da wata ɗaya yarinyar ba za ta shiga ba, shi kuma ba shi da wasu.

"Ina da teburin guga," na ce. "Ƙafa huɗu gare shi kamar na kowa."

Na ga dattijuwar ta sa hannu ta rufe baki. Ta ce a rubuta, an yarda ɗaliba ta zo da teburinta.

Da muka fito Mai Tabarau ta jingina da bango ta cire tabarau tana goge ido. "Iya, kin kusa kashe ni."

"Ke kuma kin kusa karya min yatsan ƙafa. Na hannun bai ishe ki ba?"

Takwara kuwa ta kama hannuna ta riƙe har tashar mota, abin da rabonta da yi tun tana aji uku na firamare.

An mayar da sunan. Ƙawarta ta ɗauko hoton allon a waya ta kawo, Takwara ta nuna min layin da yake, na sa ta karanta min shi sau biyu. Amma kada wani ya ɗauka na huce. Har yau shugaban makarantar nan bai dube ni ya ce ya yi kuskure ba. Na sa Mai Tabarau ta rubuta masa cewa ina so ya karanta min takardar nan da bakinsa, tun daga sama har ƙasa, sannan ya yaga ta a gabana. Bai amsa ba. Duk ranar Litinin ina zuwa in zauna a bencin ƙofar ofishinsa awa ɗaya, mai gadi ma yanzu gaishe ni yake. Ba na gaggawa.

Su kuma yaran, rigunan nan na can cikin kwali. A sati na uku bayan zaman kwamiti Doguwa ta zo tana sosa ƙeya, wai akwai wata yarinya 'yar shekara goma sha biyar a bayan kasuwa, ko awo ba ta taɓa zuwa ba don tsoron a gan ta, gidansu kuma ba ya shiguwa. Ko za ta iya kawo wanki nan?

"Gidana kika mayar asibiti?"

"Ranar Asabar kawai, Iya."

"Ta zo. Amma in ta zo da sabulu zan kore ta."

Ta zo, da ƙulli ya fi ta girma, uwarta na biye da ita tana waige-waige. Bayanta wata ta zo. Yanzu su huɗu ne. Suna zama a inuwar zannuwan da na shanya, inda ko Mai kitso ta hau katanga ba ta hango komai, ana auna su, ana yi musu bayani, Takwara na koya wa ƙaramar cikinsu rubutun wasiƙa. Ni aikina in ba su ruwa in yi musu faɗa.

Ranar da aka fara jarrabawa, da sassafe huɗu daga cikin ɗaliban jami'ar nan suka zo suka ɗauki teburin, kowacce da ƙafa ɗaya. Tsohon tebur ne, da tabon ƙunar dutsen guga a gefe. Na kankare shi tsaf tun ana gobe. Takwara ta fito da kayan makaranta, siket ɗin sau uku ke nan ina ƙara masa faɗi, na sa masa sitaci har yana tsayawa da kansa. Wannan karon ba mu ɓuya ba. Tebur a gaba, ita a tsakiya, ni a baya. Mai shago ya buɗe baki zai yi magana, na tsaya na dube shi, sai ya ce Allah ya ba da sa'a.

Awa uku na yi a gindin katangar makarantar, ni da Doguwa, ita tana karatun tata jarrabawar, ni ina kallon ƙofa. Da aka kaɗa ƙararrawa yara suka fito a guje. Sai da suka ragu sannan na hango ta, tana tafe a hankali, takalmi a hannu don ƙafar ta kumbura.

"Yaya?" na ce.

"Kaka, teburinki girgiɗi yake yi. Sai da na ninke takarda na sa a ƙafarsa."

"Jarrabawar nake tambaya, 'yar nema."

"Na amsa duka, sai ɗaya da lokaci ya ƙare min." Ta dafa cikin. "Wannan kuma tun tambaya ta biyu yake shurina."

"Amsa yake ba ki," in ji Doguwa. "Da kin saurara."

Na ce to a je a ɗauko min teburina, ina da riguna ashirin da za a karɓa da yamma. Takwara ta dube ni kamar na yi saɓo.

"Wane tebur? Ai sai nan da sati uku. Gobe lissafi."

A ƙasa na yi gugar ranar, a kan bargo ninki huɗu, gwiwoyina suna tsine min. Ita kuwa tana bakin ƙofa da ƙafafu cikin bokitin ruwan sanyi, littafi a kan ciki, tana ta bitar lissafinta da ƙarfi.